Kumurcinka da Silin Gidan Haya

Zuwa ga ɗana Lawali,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta uwa da ɗa, ina roƙon Allah Ya kai ka Aliero lafiya, Ya tsare ka a hanya da masauki, Ya buɗe maka karatu, Ya haɗa ka da maƙwabta nagari, kai ma Ya sa ka zame musu nagari.

Na san za ka yi mamakin samun takarda daga hannun wadda kuke cin tuwo gida ɗaya. Dalilin ba shi da tsawo. Duk ranar da na buɗe baki kan maganar nan sai ka karkata kai ka ce, "Inna, littafi ya ɓata ki," dariya ta kama ni, maganar ta watse, kowa ya tashi. To yau na zauna na rubuta, in ga yadda za ka yi ka ba takarda dariya. Babanka ya san da ita. Na gaya masa yana ɗinke bakin buhun albasa, ya ce in rubuta, wataƙila nawa ya shiga inda nasa bai shiga ba.

Maganar kumurcin nan ce da ka kama a rumfar albasarmu ta Dangamaji, wanda ka ajiye a bukkar gona kana ciyarwa. Babanka ya ce ba za ka tafi da shi makaranta ba, ka ce to. Amma na ga ƙaramin akwatin da ka sa kafinta ya haɗa maka, na ga ramukan iska da ka huda masa, na kuma ga ka gwada shi cikin babbar jakarka ya shige daidai, ka rufa masa bargo. Ban ce komai ba a lokacin. Yanzu zan ce. Macijin nan ba zai shiga ɗakin hayar da aka kama maka ba, kuma ina so ka bar shi da yardarka, ba don an fi ƙarfinka ba.

Ba hannunka nake rainawa ba. Kamun maciji gadon gidanku ne, tun daga kakanka, kuma ka gaje shi da kyau. Ina nan ranar da aka kira babanka garin Katanga ba ya gida, ka ɗauki gwafa ka tafi, ka fito da kububuwa daga ƙarƙashin rumbu manyan mutane suna leƙe daga bayan danga. Babanka da kansa ya ce hannunka ya fi nasa sanyi. Abin da zan gaya maka ba ruwansa da ƙwarewa. Ka san labarin idon ƙawata Asabe a dunƙule, yadda ake ba da shi a gida, wato wata rana na manta ban sa sakata ba. Shi ya sa kake ce mini kai ba ka mantuwa. Sakatar ita ce mafi ƙanƙanta a cikin kurakuran da na yi, bari in jero maka su yadda suka zo.

Lokacin da aka kawo ni gidanku na Maiyama kana ƙarami, mahaifiyarka, Allah Ya jiƙanta, ba ta daɗe da rasuwa ba, kana maƙale da zanen kakarka ko'ina ta nufa. Ni kuma na zo da akwatin kaya ɗaya da na littattafai ɗaya, kaina cike da labarai. A bayan gida, can gefen tsamiya, akwai wata bukka ita kaɗai, nesa da ɗakunan kwana, an share kewayenta fes babu ko ciyawa. Nan ake ajiye macizan da aka kamo kafin a kai su daji. Na tambayi kakanka me ya sa aka kai ta nesa haka, mutum sai ya sha rana kafin ya kai musu ruwa. Bai ko ɗago kai daga igiyar da yake tufka ba, ya ce, "Wanga gida, maciji bai kwana inda mutum ka kwana." Na ɗauka camfi ne irin na tsofaffi, wani abu da ya shafi aljanu. Har na ji daɗin hakan, don ya yi kama da abin da nake karantawa. Ban sake tambaya ba. Da na tambaya da ya gaya mini ba aljani a ciki, lissafi ne kawai na mutumin da ya ga abin da ya gani. Idan ka tarar da wata doka a gidan masu sana'a, ka tambayi dalilinta tun mai ita yana da rai. Ni sai da na karya ta na gane.

A bukkar nan akwai wani kumurci da babanka ya riƙe bai saki ba, baƙi wuluk, idan ya fasa kai sai ka ga wuyansa yana sheƙi kamar an shafa masa mai. Na kamu da son kallonsa. Ni ce mai kai masa ruwa, ni ce mai sa yara su kamo masa kwaɗi a fadama. Na raɗa masa suna Ɗan Sarki. Kar ka yi dariya, ko ka yi, ba na kusa. Nakan tsuguna gaban ragar akwatin in yi ta ba shi labari, ina ganin kamar yana saurare, har na fara ce wa matan gida ya san takuna, ba ya fasa mini kai. Matar kawunka Isa ta ce to tunda ya san ni, in tambaye shi ko zai taya ni daka. Gaskiyar ita ce nakan je masa da sanyin safiya, lokacin jikinsa a mace yake. Ranar da na je da azahar ya sari ragar daidai fuskata da ƙarfin da ya sa akwatin ya motsa. Na koma ɗaki, amma ko a nan ban ɗauki darasi ba, cewa na yi ransa ne a ɓace.

Na ji ka kana yi wa naka magana, na ga kuma yadda kake ɗaukarsa a waya kana kiransa abokinka, mutane suna ta yaba maka. Lawali, maciji bai san ka ba. Ya san zafi da sanyi, ya san yunwa, ya san abin da ya matso kusa da shi. Wanda ya ciyar da shi shekara da wanda ya gani yau, duk ɗaya ne a wurinsa. Wannan ba mugunta ba ce, haka aka halicce shi. Ka so shi in kana so, ni ma har yau in na ga kumurci ya fasa kai sai na tsaya kallo. Amma kar ka taɓa gina tsaron kanka, balle na wani, a kan cewa ya saba da kai.

Da cinikin albasa ya kankama wa babanka muka dawo Jega, aka bar ka wurin kakarka saboda makarantarka. Muka kama ɗaki a wani gidan haya, ɗakuna a jere ƙarƙashin kwano ɗaya, kowane da iyali a ciki. Babanka ya yi niyyar barin kumurcin wurin kawunka. Ni na hana. Na yi ta magiya, na ce ban san kowa a Jega ba, shi kaɗai ne abin hirata, kuma ai an cire masa haƙoran dafi tun ranar da ya sari ragar. Babanka ya ce haƙori yana sake fitowa. Na ce ai zai riƙa dubawa. Ya yarda, don ina amarya, kuma bai iya ganin hawayena. Ya duba sau ɗaya ko biyu, sannan kakar albasa ta zo, ya koma fita da asuba dawowa da magariba. Ni kuma a zuciyata maganar ta riga ta zauna: ba shi da haƙori.

Na ji ka gaya wa ƙanwarka Nana cewa kafin ka tafi za ka cire wa naka haƙora, shi ke nan ya zama kamar igiya. Kar ka yi. Na farko, zalunci ne, bakinsa yakan ruɓe ya kasa cin abinci. Na biyu, ba macijin kake kwance wa makami ba, kanka kake kwance wa tsoro. Haƙorin zai dawo ba tare da ya sanar da kai ba, tsoron kuwa ba zai dawo ba sai bayan abin ya faru. Gara maciji mai haƙori da kowa yake kaffa-kaffa da shi, da wanda aka ce ba shi da komai.

Sharaɗi ɗaya babanka ya kafa mini. Ya ce shi zai gaya wa mazan gidan, ni in gaya wa matan. Sai na ce ya dakata tukuna, in fara sabawa da su, kar mu shigo da abin tsoro a kore mu. Ya dakata. Sabon ya zo, maganar ba ta zo ba. Kullum sai in ce gobe. Wadda muka fi shaƙuwa da ita ita ce Asabe, matar Ɗanjuma mahauci, ɗakinta na biyu daga namu. Mace mai baki da kyauta, ba ta dafa romo ba ta aiko mini. Wata rana ta shigo aron turmi, ta ga akwatin a kusurwa na rufa masa zane, ta ce, "Amarya, mi kika ɓoyewa cikin akwatin ga? Ko zinari na, mu san irin gaisuwar da za mu riƙa yi maki?" Na yi dariya na ce littattafai ne. Ta ce Allah Ya shirye ni, wata rana sai na dafa wa mijina takarda. Ta ɗauki turmi ta fita. Ka ga an buɗe mini ƙofa har ƙasa, na ƙi shiga.

Wannan shi ne babban kuskuren, ba sakata ba. Wanda ya ajiye abu mai dafi a gidan da ba shi kaɗai ba ne, ya sa ran mutane a cikin abin da ba a tambaye su ba. Kai ka zaɓi haɗarin, kana da gwafa, ka san yadda ake tsayawa da yadda ake ja da baya. Su ba su zaɓa ba, ba su ma san akwai abin zaɓa ba. Idan har kana jin ba za ka iya gaya wa maƙwabcinka abin da ke ɗakinka ba, to ka riga ka san amsarsa, ɓoyewar kuma ƙwace ce.

Ranar da abin ya faru babanka yana kasuwar Aliero. Da hantsi na canja wa kumurcin ruwa, na mayar da murfi, na ce bari in ƙarasa shafin da nake kai in dawo in sa sakata. Labarin ya kai inda ba a ajiyewa. Da na ɗago kai rana ta yi tsaka, murfin a karkace, akwatin wayam.

Ka lura da abin da na yi bayan nan, don shi ma kuskure ne mai zaman kansa. Ban fita na faɗa ba. Kunya ta hana ni, don in na ce maciji ya ɓace sai an tambaye ni wane maciji. Na rufe ƙofa, na cusa tsumma a ƙarƙashinta, na toshe ramin da ruwa ke fita. Na ce a raina tunda ƙofa a rufe take, taga da raga, to yana cikin ɗakin nan, zan same shi ko babanka ya dawo ya same shi, ba wanda zai ji. Na duba ƙarƙashin gado, na duba bayan kwalla, na zazzage kayan wanki. Ko'ina na duba ban da sama. Ni 'yar ƙauye ce, na tashi a gidan da kowane ɗaki yake tsaye shi kaɗai da bangonsa da rufinsa. Ban taɓa sanin cewa a gidan haya bangon da ya raba ka da maƙwabci iyakarsa silin ba. Daga nan zuwa kwano fili ne guda, tun daga ɗakin farko har na ƙarshe, ɓeraye suna sintiri a ciki. A kusurwar ɗakinmu an jibge buhunan dawa har kusa da sama, kuma a daidai nan silin ya ɗan sauka saboda yoyon damina. Tsani da ƙofa, duk na tanadar masa.

Babanka ya dawo bayan la'asar. Ina gaya masa, bai dubi ƙasa ba ko sau ɗaya, ya ɗaga kai ya ga kusurwar nan, na ga fuskarsa ta canja. Bai yi mini faɗa ba. Ya juya da gudu yana buga ƙofofi yana cewa kowa ya fito da yara, kar wanda ya taɓa silin. Yana ƙofar farko muka ji ihun Asabe. Ta daɗe tana jin motsi a saman ɗakinta, ta gaji, ta hau kujera da muciya ta ture wani allon silin da ya ɓalle don ta kori ɓera, wanda ita take ce wa kusu, ta ɗaga fuska tana leƙe. Ya feso mata dafi a ido.

Na same ta a ƙasa tana murza fuska da hannu biyu. A nan ma na sake yin wauta. Na taɓa jin an ce nono ake zubawa, sai na bar ta na fita titi ba ko mayafi ina neman mai tallar nono, alhali ga randa cike da ruwa a bakin ƙofarta. Kafin in dawo hannu wofi babanka ya kama hannayenta, ya sa wata maƙwabciya tana kwarara mata ruwa a idon buta bayan buta, ba tsayawa, har aka samo mota. A asibiti aka ce ruwan nan ne ya ceci ido ɗaya, ɗayan kuwa murzawa da jinkiri sun yi masa illa. Har yau da fari-fari a kansa, hazo kawai take gani da shi. Da dare babanka ya sauko da kumurcin daga silin, ya buɗe bakinsa da tsinke ya nuna mini. Haƙora biyu sababbi, farare tas.

Na je duba ta da kwanon abinci, ina jiran zagi, na ma fi son ta zage ni. Tana kwance an rufe idon da auduga. Ta ji muryata ta ce in zauna. Da na zauna ta ce, "Kulu, ni cewa na yi kusu na. Da kin gaya man, da ban ɗaga kai ba." Iyakar abin da ta faɗa ke nan. Ba ta ce don me na ajiye ba, ba ta ce don me na bar murfi ba. Abin da ta nema a wurina kalma ɗaya ce, wadda ba ta fi ƙarfina ba. Mai gidan ya ba mu sallama, kuma da gaskiyarsa. Asabe ta yafe mini daga baya, ka ga muna zumunci har yau, ita ta yi mini kitson sunan Nana. Amma ka lura in tana magana da mutum sai ta ɗan juya kai gefe don ta kawo idon mai gani. Duk juyawar nan ina ganinta.

Saboda haka ga abin da nake so ka riƙe, yanzu da kuma nan gaba in ka zama mai gidan kanka. Abu mai dafi wurinsa daban, rufinsa daban, nesa da inda ake kwana da inda yara ke wasa, da ƙasa a share kewaye don a ga sawunsa in ya fita. Akwati mai kyau ba ya isa, don akwati hannun mutum ke rufe shi, mutum kuwa yana gajiya, yana zazzaɓi, ana kiransa a waya. Dole a ce in ya kuɓuce daga akwatin, bai kuɓuce daga ɗakin ba, in kuma ya kuɓuce daga ɗakin, fili zai tarar ba shimfiɗar wani ba. In ya ɓace, ka faɗa nan take da babbar murya, kunyar minti ɗaya ce. Ka san asibitin da ke da allurar dafin maciji tun kafin ka buƙace ta, ka je da ƙafarka ka tambaya, kar ka dogara da an ce. In an sari mutum, ban da tsagawa, ban da tsotsa, ban da ɗaure wurin tamau, a cire zobe da agogo, a hana shi tafiya da ƙafarsa, a ɗauke shi zuwa asibiti. Maganin gidanku ban raina shi ba, kakanka ya ba ni na sha, amma a sha shi a cikin mota ana tafiya. Kuma akwai ma'aikatan gandun daji da alhakin irin waɗannan dabbobi yake hannunsu, mai son ajiyewa da gaske ya je ya ji ƙa'idarsu, ba ya ɓuya musu ba.

Shi kansa macijin yana da haƙƙi a kanka. Malamai sun gaya mana duk dabbar da ka tsare za a tambaye ka cinta da shanta. Ka gaya mini, ranar da jarrabawa ta matse ka, ko aka rufe makaranta ba shiri, ko ka kwanta ciwo aka kawo ka gida, wa zai buɗe akwatin nan ya ba shi ruwa? Abokin ɗakin da bai san yana nan ba? Dubi abokinka Bashiru da ya sayi jaririn kada wurin masunta yana wanka da shi a baho ana ɗauka a waya. Bara abin dariya ne. Bana bahon ya yi kaɗan, ya ciji ɗan akuyar gidan, uwar Bashiru ta daina shanya a bayan ɗaki, kuma an rasa mai karɓa. Kowace dabba ƙarama take zuwa. Kafin ka ɗauko, ka tambayi kanka ina za ta in ta girma, ina za ta in kai ba ka nan.

Yanzu bari in gaya maka abin da ban gaya maka ba da na dawo daga Aliero. Ranar da na bi motar babanka na kai maka katifa da labule, bayan na share ɗakin sai na kife bokiti na hau, na tura allon silin da kan tsintsiya na leƙa. Gidan sabo ne, da tayil da fenti da bayi a cikin ɗaki, na yarda ya fi wanda muka zauna kyau nesa ba kusa ba. Amma sama ɗaya ce. Na hango haske yana shigowa ta can ƙarshen ginin, na ga kashin ɓera a kan katako, na ji ƙamshin miyar da ake dafawa a ɗaki na uku kamar a gabana ake yi.

Ina saukowa sai ga maƙwabciyarka ta jikin bango ta yi sallama da kofin ruwa. Sunanta Shafa'atu, mijinta direba ne, yakan kwana biyu a hanya. Ta dube ni ta ce ita ba ta yarda ni ce uwar ɗan makarantar ba, sai dai yayarsa, in faɗi gaskiya. Na ce ta jira ta ga tsawonka ta ƙara ruɗewa. Ta ja ni ɗakinta. Tana da ɗa mai rarrafe, Sadiku, mai ƙiba, ba abin da yake gani bai kai baki ba. Saboda zafi a ƙasa take shimfiɗa masa tabarma, a jikin bangon da ya haɗa ku. Na ɗaga kai, silin ɗinta akwai rami inda aka zaro wayar fanka ba a toshe ba. Muna hira yaron ya kama igiyar cajar waya yana ja yana dariya, ta ƙwace ta ce haka yake, duk abin da ya yi tsawo nasa ne.

Da zan tafi ta rako ni har bakin titi da yaron a baya. Ta ce ta ji daɗi da aka ce ɗalibi ne zai shigo, don in mijinta ba ya nan gidan yakan yi mata shiru. Ta ce, "Yaya, ki bar man shi. In dai ina girki ba shi kwana da yunwa. Shi dai yaron kirki na ko?" Na ce mata yaron kirki ne, mai amana, za ta iya barin ƙofarta a buɗe. Ban faɗa don daɗin baki ba. Ni na san wanda na rena.

To ga yadda za a yi. Na yi magana da kawunka Isa, bukkar gefen tsamiya tana nan, ya sake mata rufi bana, ya ce a kawo. Shi zai riƙa ba shi ruwa da abinci, duk hutun da ka samu ka je ka gan shi, ka ɗauke shi a waya yadda kake so, a filin da ba kowa. In kuma ka ga ya fi maka ku kai shi daji ku sake shi, wannan ma naka ne, ba zan sa baki ba. Ranar tafiya zan raka ka tasha. Akwatin zai shiga motar da ta nufi hanyar Yawuri tare da babanka, a gaban direba da saninsa, a sauke shi Maiyama. Kai za ka shiga ta hanyar Sakkwato da jakarka da littattafanka.

In kuwa ka ƙi, ba zan yi maka ihu a tasha ba, ba zan zazzage jakarka a gaban mutane ba, kai ba yaro ba ne. Zan shiga motar da ka shiga, in zauna kusa da kai. In mun sauka, kafin ka sa makulli a ƙofarka, zan buga ta Shafa'atu in gaya mata abin da ke cikin jakar, sannan ta gaba, sannan ta gaba, har in kai ƙarshen ginin, kana tsaye. Abin da suka ce shi za a yi. Ba don in kunyata ka ba. Sau ɗaya aka tambaye ni me ke cikin akwati na yi dariya, ba zan sake ba, ko akwatin na ɗana ne.

Amma ban sa ran zan yi wannan tafiyar ba. Na fi zaton da kanka za ka ɗauko shi daga Dangamaji ka miƙa wa babanka, kana gunaguni, ni kuma in yi kamar ban ji ba.

Allah Ya tsare mini kai daga sharrin abin da ke tafiya da ƙafa da mai jan ciki, Ya tsare mutane daga abin da zai fito ta hannunka. Allah Ya sa ka shiga gidan nan lafiya ka fita lafiya, waɗanda ka tarar a ciki su ma haka. Allah Ya jiƙan mahaifiyarka, Ya yi maka albarka. In ka isa ka kira ni, ka kuma gaishe mini da Shafa'atu da Sadiku.

Wassalam.

Innarka,
Kulu